Sabuwar nas ce ni, barci ya gagare ni

Tambaya: Anti, ban daɗe da fara aikin nas ba, in na dawo dutin dare barci ba ya zuwa, ranar da majinyaci ya rasu a hannuna kuka na yi ta yi a banɗaki. Ko dai aikin ba nawa ba ne?

Amsa: Naki ne mana 'yata, shekarar farko haka take. Samu babbar sista da kika yarda da ita ki riƙa amayar mata da abin da ke ranki, ki daina shan kofi gab da asuba. Amma in ya wuce sati 2 ga rashin ci ga faɗuwar gaba, je ki ga likitan ƙwaƙwalwa, a asibitin Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna, ba sai mahaukaci ke zuwa can ba.