Shuɗi ko kore: wanne zan rataya a bango?

Tambaya: Ina son sayen busasshen malam-buɗe-littafi da aka saka a gilashi, in rataya a falo. Biyu ne suka kwanta mini a rai: shuɗin nan mai suna Morpho, da wani kore mai doguwar jela da ake kira Luna. Bangon yana fuskantar taga, rana na shigowa sosai. Wanne ya fi?

Amsa: 'Yar'uwa, tagar nan ita ta raba gardama. Ɗauki Morpho.

Shuɗin Morpho ba rini ba ne. Fukafukinsa lulluɓe yake da ƙananan ɓawo masu siraran layuka da ido ba ya gani, su ke tare haske su maido da shuɗi. Shi ya sa in kika karkata gilashin za ki ga launin na wasa, nan ya haska, can ya dushe. Tun da babu rini, rana ba ta saurin cin sa. Ƙasan fukafukin kuwa ruwan ƙasa ne mai ɗigo-ɗigo kamar idanu, da shi yake sajewa da itatuwa a dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu in ya naɗe. Faɗinsa kan kai santimita 12 zuwa 20, zai cika gilashi.

Luna na dare ne, ɗan dazuzzukan gabashin Amurka da Kanada, kuma ni dai ya fi burge ni. Da zarar ya yi fukafuki ba ya ƙara cin komai, domin ba shi da bakin ci, kusan mako guda yake yi a duniya yana neman abokin barbara. Jelar tasa ma ba ado ba ce kawai, tana rikita jemage ya kai cafka ya kama jela maimakon jiki. Sai dai koren nasa rini ne, in rana ta dinga dukan sa zai koɗe ya koma rawaya-rawaya ko fari. In ranki ya nace a kansa, nema masa bangon da ke inuwa.

Kafin ki biya, tambayi mai sayarwa ko na kiwo ne, domin akwai gonakin da ke kiwon Morpho, musamman a Kosta Rika. Duba gefen fukafukan ko sun yage, ki tabbata bayan gilashin a rufe yake ruf, don ƙananan ƙwari na shiga su mayar da shi gari. In kika ga Morpho ba shi da ciki, kada ki ce an cuce ki: da gangan ake cirewa, saboda maiƙon cikin na tsattsafowa ya ɓata shuɗin.