Amsa ga mai albasar da ta ƙi fitar da saiwa

Ƙanwata sannu, wallahi ina karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, wai kwana biyar kin jiƙa albasa babu saiwa, wadda ta ɗan fito kuma kin sa a maikuroskof ba ki ga komai ba sai duhu. Haka na sha nan Jos lokacin furojet ɗina a kan ɓawon maɗaci da ganyen sabara, inda na jiƙa saiwar albasa a ruwansu don in ga ko suna yi wa sel illa.

Fara da albasar kanta. Ni farko na je Farin Gada na zaɓo manya manya sababbin cira, ashe sabuwar albasa barci take yi, ba ta saurin fitar da saiwa. Ki nemi ƙanana waɗanda suka bushe sosai, ki cire ɓawon, ki kankare busasshiyar saiwar gindin a hankali kar ki yanke zoben da ke gindin, daga nan sabuwar ke fitowa. Gindin kawai zai taɓa ruwa, ki sa a duhu. In goma kike buƙata ki jiƙa ashirin ki zaɓa. Ga kuma sanyin garin nan, a Disamba saiwa tafiyar hawainiya take yi.

Abin da har yau yake min ciwo shi ne zagaye na uku. Saiwa ta fito fara tas kusan santimita 2, na jera kwalabe talatin a cikin kwali na rubuta sunana da jan biro, ina canza ruwan maganin duk awa 24, har Lahadi sai da na roƙi mai gadi ya buɗe min. Saura dare ɗaya in cika awa 72, na shigo da safe na tarar wani ma'aikacin lab ya zubar, ya wanke kwalaben ya kife su, wai wari ya dame shi. Albasata na cikin kwandon shara, saiwar ta yi yaushi ta manne da takarda. Na tsuguna ina tsinta ina kuka kamar yarinya, shi ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi ai albasa ce, ki sayo wata. Kuɗin da babana ya sayar da buhun masara ya turo min ne fa. Sati uku na aiki. Na yafe masa dai amma maganar nan ta ai albasa ce ba ta fita daga raina ba, mutumin da ke aiki a lab bai san tun 1938 wani masanin kimiyya mai suna Levan ya fara wannan gwajin na albasa ba.

Batun duhun da kike gani, ina zargin kin yanko da yawa. Ɗan bakin saiwar kaɗai ake so, milimita 1 zuwa 2, nan ne sel ke rabuwa. Ki fara jiƙa shi a etanol kashi 3 da asitik asid kashi 1, sannan HCl 1N a zafin digiri 60 kamar minti biyar don ya yi laushi, sai ki rina shi da asito-orsin. Ki danna da babban yatsa ta kan takarda, kar gilashin ya zame. Ni jan farce marar kala nake shafawa a gefe don kar ya bushe. Kuromosom ɗin albasa, wato zaren gado da ke cikin sel, 16 ne kuma manya, in silaid ya yi kyau za ki gan su raɗau, waɗanda suka cure wuri ɗaya, da masu gada tsakani, da wanda aka bari a baya.

Kuma don Allah kar ki raina kwantirol, wato albasar da aka jiƙa a ruwa zalla babu magani, in shi bai yi kyau ba sauran lissafin duk banza ne. Kakata da maɗaci ta raine mu, shi ya sa da na ga saiwa ta tsaya ta yi ruwan ƙasa a ruwan maɗaci mai kauri hankalina ya tashi sosai, sai da sufabaiza ta zaunar da ni ta ce albasa gargaɗi take bayarwa, kafin a ce yana cutar mutum sai an gwada a dabba. Kar ki rubuta fiye da abin da kika gani.

Ki kai ganyen da kike gwadawa habariyom, wato ɗakin adana samfurin tsirrai, a ba ki lamba tun yanzu, ranar difens sai sun tambaya. Turo min hoton gindin albasar in gani, wataƙila kankarewar ce ta yi yawa.