Rikicin Tsibirin San Juan na 1859: da ya zama yaƙi fa?

Malam, ka tambaya ko rigimar iyakar Amurka da Ingila a tsibirin San Juan, da ke kusa da tsibirin Vancouver a gaɓar tekun Pasifik, za ta iya kaiwa ga yaƙi. Wallahi saura ƙiris.

Tushen matsalar yarjejeniyar Oregon ce ta 1846. Ta ce iyaka ta bi tsakiyar mashigin ruwa, alhali mashigan biyu ne, Haro da Rosario, tsibirin kuma yana tsakaninsu. Kowa ya ce nasa ne. A watan Yuni 1859 wani manomi Ba'amurke, Lyman Cutlar, ya harbe aladen kamfanin Ingila mai suna Hudson's Bay, wanda ke ɓarnata masa dankali. Da hukumomin Ingila suka yi barazanar kama shi, sai Janar Harney na Amurka ya tura Kyaftin Pickett da sojoji, Gwamna Douglas, gwamnan Ingila a yankin, kuma ya aika jiragen ruwan yaƙi.

Nan ne wutar za ta kama. Douglas ya so a sauke dakarun ruwa a kori Amurkawa. Da an yi haka, da Pickett ya buɗe wuta, labarin kuwa sai ya yi makonni kafin ya isa Washington da Landan, jini ya riga ya zuba, ja da baya ya zama abin kunya. A ganina Ingila za ta toshe tashoshin jiragen ruwan Amurka, ita kuwa Amurka ta afka wa Kanada, wadda ke ƙarƙashin Ingila a lokacin.

Admiral Baynes, kwamandan sojojin ruwan Ingila a yankin, shi ne ya ƙi bin ra'ayin Douglas, kuma ina jinjina masa ƙwarai. Daga baya Janar Scott na Amurka ya zo aka amince sojojin ɓangarorin biyu su zauna a tsibirin, har 1872 da Sarkin Jamus Wilhelm na ɗaya ya yanke hukunci ya ba Amurka.