Jigon memuwar ɗina kan koyar da Ingilishi ya ƙi karɓuwa, ya zan yi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni mushen Ingilishi ne, wato malami, a wani CEG (kolej) nan Maradi, ina mastar 2 a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Na kai jigon memuwar, wato kundin binciken kammala karatu, kan matsalolin koyar da Ingilishi a Nijar, malamin da ke duba aikina ya ce ya yi faɗi da yawa in sake. Ni kuma har na shirya takardar tambayoyi da zan raba ma malamai. Dan Allah ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a. Gaskiya malaminka ya yi maka gata da ya tsaida ka tun yanzu, don wannan jigon in ka kai shi gaban juri ranar sutunans, wato ranar kare memuwar, tambayar farko da za su jefo maka ita ce wace Nijar ɗin, Diffa ko Tillaberi, lise ko kolej, birni ko ƙauye? Kuma amsar da za ka samo kowa ya santa tun kafin ka fita: yara sun yi yawa a aji, ba littattafai, awoyi ba su isa. Duk gaskiya ne amma ba sabon abu ka gano ba.

Kai fa kana da abin da ɗaliban da ke zaune Yamai ba su da shi, kana da aji a hannunka. To daga nan za ka fara. Zauna ka tuna abin da ya fi ci maka rai a cikin ajin nan, shi za ka maida tambaya guda da za a iya amsawa da abin da ido ya gani ko kunne ya ji. Misali yaro a nan yana fara Ingilishi a siziyam, ajin farko na kolej, ya zo da Hausar gida, ya yi shekara 6 yana fama da Faransanci a firamare, ga harshe na uku an ɗora mishi. Malami na cikin darasi sai ka ji ya koma Faransanci don ya bayyana nahawu, in hayaniya ta tashi ko an kasa ganewa ya sauko Hausa. A wane lokaci yake sauyawa, don me, kuma yaran sun fi magana bayan ya sauya ko sun fi shiru? Wannan kaɗai memuwar ne cikakke, ajujuwa 3 ko 4 na sankiyam, shekara ta biyu ta kolej, sun ishe ka. Kuma batun na da nauyi yanzu tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki.

In kuma kurakuran yara ne suka fi jan hankalinka, akwai hanyar da aka daɗe da sharewa. Masanin harshe Pit Corder tun 1967 ya nuna kuskuren mai koyo ba shirme ba ne, yana nuna inda ya kai a gina harshen cikin kanshi, wani masanin, Selinker, ya ƙara faɗaɗa wannan a 1972. Sai ka tara rubutun yara ko ka naɗi karatunsu ka rarrabe wane kuskure ya fito daga Hausa, kamar rikita p da f ko cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, wane kuma daga Faransanci. Maradi ma da nata na daban, ga Ɗan Isa ga Jibiya ga Katsina a kusa, wasu yaran sun saba jin Ingilishin 'yan Najeriya a kasuwa da waya, kar ka tattara komai ka kira shi kuskure ba ka duba daga ina ya fito ba.

Yanzu maganar takardar tambayoyinka. Ban ce ka yar da ita ba, amma kar ta zama ita kaɗai. In ka tambayi malami ko yana barin yara su yi magana a aji zai ce e mana sosai, kuma ba ƙarya yake nufin yi ba, haka yake gani. Sai ka zauna bayan aji da agogo ka ƙirga sannan ka ga mintin da shi ya cinye da wanda ya bar ma yara. Don haka ka haɗa uku: zama a aji, hira da malamin bayan darasi, sannan takardar. Zuwan farko da na biyu kar ka dogara da su sosai, malami na ganinka kamar sufeto ne ya zo, yara ma sun natsu fiye da kullum, sai an saba da kai ake komawa yadda aka saba. Kuma ka yi lissafin wahala, naɗin awa 1 na iya cinye maka awa 5 ko 6 wajen rubutawa, balle aji mai hayaniya da harshe uku a cakuɗe, shi ya sa na ce aji kaɗan.

Kafin ka shiga ajin wani ka karɓo takarda daga jami'a ka kai ma hukumar ilimi ta jiha da shugaban makarantar, ka gaya ma malamin abin da za ka yi da naɗin, sunan yaro ko na malami kar ya fito a aikinka ko sau ɗaya. Lokaci kuma ka yi ƙoƙari ka gama tattara bayanai tsakanin Nuwamba da Maris, daga Afrilu ga zafi ga shirin BEPC, jarrabawar ƙarshen kolej, ba mai sauraronka.

Karatu ka nema a Google Scholar da ERIC, shafukan intanet na neman rubuce-rubucen bincike, ka sa Zotero, manhajar adana bayanan abin da ka karanta, a kwamfutarka tun yau, kyauta ne, duk abin da ka karanta ka adana shi da shekara da shafi don kar ka zo ƙarshe kana neman inda ka ɗauko magana. Kar ka kwafi babin wani ka liƙa, ana ganewa.

Satin nan ka rubuta shafi ɗaya tak: tambayarka, ajujuwan da za ka shiga, abin da za ka tara da yadda za ka tantance shi, da watannin da za ka yi. Shi za ka tura ma malaminka kafin ka kashe kuɗin mota zuwa Yamai.