Me ya sa asalin bauta ke bin mutum har gona?

Tambaya: Wani mai karatu ya rubuto daga jihar Tawa a Nijar: "Malam, an ce tun zamanin Turawa aka hana bauta. To me ya sa a garinmu waɗanda ake ce wa jikokin bayi su ne suka fi kowa talauci? Anya ba lalaci ba ne?"

Amsa: Ba lalaci ba ne, ɗan'uwa. Kafin ka yanke hukunci, tambayi kanka gonakin garinku na hannun su wa.

Faransa ta hana bauta a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma a 1905. A Arewacin Najeriya kuwa sai 1936 aka soke ta gaba ɗaya. Dokokin nan sun kwance wa bawa igiya, amma ko taki ɗaya na ƙasa ba su ba shi ba. Gonar da ya sare dajinta da hannunsa ta zauna wurin ubangida, ta bi gado. Shi kuma sai aro: kaka ta yi, ya kai wa mai ƙasa damman da aka yanka masa. Mai gonar aro ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, domin gobe ana iya cewa ya tashi. In an yi fari ba shi da abin jingina, yaro ya bar makaranta ya tafi cirani. Haka jika ke gadon rashin kakansa.

Aure ma ya ƙara kulle ƙofar. Da an zo binciken asali sai magana ta mutu, dukiya ta ci gaba da zagayawa a gidajen da ta saba. Sarautar gari, wadda sau da yawa ita ke raba gardamar gona, a wurare da dama ba a ba su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wahaya, wato yarinyar da ake saya a ajiye bayan mata huɗu, ba sadaki, ba gado. Hadizatu Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996, kan jaka 240 na sefa. Ubangidan ya ba ta takardar 'yanci a 2005, amma ya kafe cewa matarsa ce. Da ta auri wanda take so, ita aka ɗaure, wai ta yi aure kan aure. Ƙungiyar Timidria, mai yaƙi da bauta a Nijar, ta tsaya mata, har a 2008 kotun ECOWAS ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta kuma umarci gwamnatin ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ka lura, a lokacin nan akwai dokar 2003 wadda ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ga mai bautar da mutum. Dokar tana nan a rubuce, amma wasu daga cikin alƙalan Nijar da suka ji ƙararta suka bi al'ada.