Tambaya da Amsa: Haɗa Ƙaramin Ƙauye Mai Wutar Lantarki

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a Yauri. Ina so ɗalibaina su ƙera samfurin ƙauye irin na farkon zuwan wutar Kainji, da falwaya da taransifoma. Me zan saya, me kuma zan nema a gida?

Malam, an buɗe madatsar Kainji a 1968, kuma falwayar ƙauye ta lokacin NEPA galibi ta itace ce, don haka tsinken tsire mai kauri ya isa. Ka fara tsayar da ma'auni. Idan ka ɗauki 1 cikin 50, falwaya mai mita 9 za ta zama santimita 18. Layin da ke kawo wuta garin mai kilobol 11 waya uku gare shi, wanda ke rarraba ta gidaje kuma huɗu. A kiyaye wannan, shi ne abin da mai sani zai fara dubawa.

Kada ka sayi waya mai roba, ta yi kauri. Je wurin mai gyaran fanka ka karɓi tsohon kwayil, siririn jan ƙarfen ciki shi ne daidai. Sai dai akwai fenti a jikinsa, in ba a kankare bakinsa da reza ba dalma ba za ta kama ba, wuta kuma ba za ta wuce ba. Ƙananan duwatsun ado farare su tsaya a madadin tangaran ɗin da ke riƙe waya. Taransifoma kuwa, mataccen kafasita, ɗan abin nan mai kama da ƙaramin gwangwani da ke cikin rediyo, a shafa masa fenti ruwan toka.

Tambaya: Na haɗa ƙananan ƙwayaye goma na LED da batir mai bol 9, nan take suka ƙone. In sayi masu tsada ne? Ɗaliba daga Argungu.

A'a 'yata, ba araha ce ta ƙona su ba. Farin ƙwai bol 3 kawai yake ɗauka, kin ba shi ninki uku. Abin da ya rage miki shi ne rizista, ɗan abin da ke rage wutar da ke shiga ƙwai, ana auna shi da om. Da batir mai bol 9, kowane ƙwai a ba shi nasa mai om 680. Amma shawararmu ki rabu da wannan batir, ƙwai goma za su shanye shi cikin 'yan awoyi. Ki yanke tsohuwar wayar caja mai bol 5, ki sa wa kowane ƙwai rizista mai om 220. Doguwar ƙafar ƙwai ita ke zuwa jar waya. In kin juya ta ba zai kama ba.

Ki nemi masu hasken ruwan ɗorawa, milimita 3, su suka fi kama da ƙwan da. Wajen mannawa ki guji sufa gulu, tururinsa yana bar wa ƙwai farin dusashe. Gam ɗin kyandir ya fi. Kuma don Allah kada a jona samfurin kai tsaye da soket, yara ne za su taɓa wayoyin.