Tambayi Baba Mai Jita: Ƙaramar jita, mai araha ko mai tsada?

Baba mai jita, barka da aiki. Ni malamar firamare ce, ina koyon kiɗa da jitar ƙanena, Yamaha F310. In na rungume ta na ɗan lokaci sai kafaɗata ta dama ta fara ciwo, yatsuna kuma ba sa kaiwa inda ake so. Na ɗauki adashe, ina so in sayi ƙarama tawa ta kaina, don kiɗa a gida da kuma wani lokaci a majami'a. Wani yayanmu da zai dawo daga Amurka a watan Disamba ya ce zai zo mini da Taylor ko Martin, amma kuɗin zai tafi kakaf, har sai na yi ciko. Ƙanena kuwa ya ce ɓarna ce, in shiga kasuwa in ɗauki mafi araha, tunda duk katako ne da tsirkiya shida. Wa zan bi?
Malama, daga Tudun Wada, Jos

Malama, barka kadai. Kada ki bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna.

Ciwon kafaɗar nan ba laifinki ba ne. F310 an ƙera ta ne a kan siffar manyan jita, irin wadda kamfanin Martin ya fara yi a 1916 don ƙara ta fito sosai a cikin taro. Faɗin cikin irin waɗannan ya kai kusan santimita 40, ga kauri. Ƙananan da suka riga su zuwa duniya, waɗanda Martin ke wa lamba 0 da 00, faɗinsu tsakanin santimita 34 ne zuwa 36. A takarda bambancin ba yawa, amma kafaɗa ta san shi. Sai dai ki lura, ƙanƙanta iri biyu ce. Akwai mai ƙaramin ciki amma wuyanta na yau da kullum ne, tsawon tsirkiya santimita 63 zuwa 65, kamar Yamaha FS800. Akwai kuma wadda har wuyan aka rage, kamar Taylor GS Mini mai kusan santimita 60, da Little Martin mai kusan 58. Ta farko maganin kafaɗa ce, ta biyu ta haɗa har da yatsu.

Maganar ƙaninki cewa duk katako ne, a nan muka raba hanya da shi. Mafi yawan sautin jita daga fuskarta yake fitowa, wato allon gaba mai rami a tsakiya. A mafi araha, wadda ake sayarwa da sunan da ba wanda ya taɓa ji, fuska da baya da gefe duk katakon manne ne, siraran falle da aka haɗa da gam. Wannan kaɗai ba aibu ba ne, F310 ɗin ma haka take kuma tana aiki. Aibun yana wurin ƙira. Tsirkiya shida na ƙarfe suna jan jita da nauyin da ya kai kusan kilo 70, dare da rana. In katakon bai bushe ba kafin a yanka, ko an yi rowar gam, kafin shekara ta zagayo wuya ya lanƙwashe, jakin da tsirkiya ke hawa a kai ya fara ɗagowa. Mai koyo ya danna har yatsa ya yi kanta, sauti bai fita ba, ya ɗauka shi ne ba shi da baiwa. Ƙaninki zai iya kafa hujja da marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya yi suna har ƙasashen waje da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. To, kuntigi ba shi da ƙarafa a wuya, wato siraran ƙarafan da ke giciye a wuyan jita inda ake danna tsirkiya, makaɗin ne ke nemo sautinsa da yatsa. Jita kuwa, in an dasa ƙarfe ba a gurbinsa ba tun daga masana'anta, babu gwanin da zai daidaita ta.

Sama da wannan akwai 'yan tsakiya: fuska katako zalla, yawanci wani farin itace mara nauyi na ƙasashen sanyi da ake kira sifurus, baya da gefe kuma na manne. FS800 tana nan, Fender CP-60S ma tana nan. Abin da zai ba ki mamaki shi ne GS Mini da Little Martin su ma nan ne ajinsu, duk da sunan da ke goshinsu. Dukansu a Meksiko ake ƙera su. GS Mini, wadda ta fito a 2010, bayanta na manne ne. Little Martin LX1 kuwa bayanta da gefenta ba katako ba ne ma, takarda ce da aka matse da gam mai ƙarfi, 'yar'uwar fomaikar kan tebur. Ba zagi nake yi ba, suna da daɗin kaɗawa, kuma aikinsu a tsabtace yake. Amma in yayanku ya ce Taylor ko Martin, ki tambaye shi wacce. Kuɗin GS Mini ya kan ninka na FS800 sau biyu zuwa uku. Na ainihi masu tsada, waɗanda ko'ina a jikinsu katako ne zalla, irin Martin 00-18 da ake yi a Nazarat ta jihar Fensilbaniya, sun haura ninki goma na kuɗin FS800. (Wani abin dariya: katakon sapele da ke bayan GS Mini da yawa, daga dazukan Afirka yake fita, ya tsallaka teku, mu sake saye shi da dala.)

Ni dai abin da kunnena ya shaida shi ne wannan. Tazarar da ke tsakanin mafi araha da 'yar tsakiya, ko mai tallan gyaɗa da ke wucewa zai ji ta. Tazarar da ke tsakanin 'yar tsakiya da mai tsada ita ma gaskiya ce: sauti ya fi daɗewa kafin ya mutu, ko a hankali kika taɓa za ta amsa, kowace tsirkiya ana jin ta daban. Amma sai a ɗaki shiru, da hannun da ya ƙware. A majami'a, an jona ta da lasifika, ga ganga, ga janareta a bayan taga, ko wanda ya ƙera ta ba zai bambance ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, kuma shi ne watan Disamba. Masu ƙera jita suna riƙe danshin iskar masana'antarsu a tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, kuma haka suke so mai ita ya riƙe. A Jos, daga Disamba zuwa Fabrairu, danshi da rana ya kan sauka ƙasa da kashi 20. A watan Agusta kuma ya haura 70. Katako zalla yana shan ruwa daga iska yana kuma fitarwa, ya kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Fuskar jita siririya ce, ba ta kai kaurin milimita 3 ba, an manne ta ta ko'ina, ba ta da inda za ta matsa. In ta tsuke sai ta tsage, galibi daga ƙasan jaki zuwa gindi. Kafin nan takan yi gargaɗi: bakin ƙarafan wuya su fara kartar hannu, fuska ta ɗan lotsa, tsirkiya ta fara zizar kan ƙarfe. Katakon manne ya fi juriya domin fallen suna giciye da juna, wannan ya riƙe wancan.

Duk watan Janairu teburina ba ya rabuwa da irin wannan aiki, kuma ba masu arahar ne suka fi zuwa ba. Wani bawan Allah daga Rayfield ya taɓa kawo mini tasa, mai tsadar gaske, ya rataye ta a bangon falo don baƙi su gani. Hunturu ɗaya ya ishe ta. Na ɗinke tsagar da gam da ƙananan faci daga ciki, tana kiɗa har yau, amma tabon yana nan, darajarta a kasuwa kuma ta faɗi. Garantin manyan kamfanonin nan bai shafi ɓarnar bushewar iska ba, ko da a ce kina da hanyar mayar musu da ita.

Kiyayewa ba ta da tsada, kulawa take so. Akwati mai tauri wanda ke rufuwa ruf, ba jakar yadi ba. Ki sami kwalin sabulu na roba, ki huda murfin, ki sa soso da kika jiƙa kika matse har ya daina ɗiga, ki ajiye a cikin akwatin wajen kan jitar. Duk bayan kwana biyu ko uku ki duba ko ya bushe. Ƙaramin ma'aunin danshi mai batir zai gaya miki inda kike. Da damina a cire soson. Kada ta kwana a but ɗin mota, kada a jingine ta kusa da kaskon wuta a daren sanyi. 'Yar tsakiya ma tana son wannan tunda fuskarta zalla ce, sai dai in kika yi mantuwa asarar ba ta kai a yi kuka ba.

Saboda haka 'yar tsakiya nake ba ki shawara. Ki nemi inda za ki rungumi FS800 ko makamanciyarta ki zauna da ita minti 20. In kafaɗa ta huta kuma yatsu sun kai, magana ta ƙare, ragowar adashen ki sayi akwati, ki sa tsirkiya marasa kauri, lamba 11, ki kai wa mai gyara ya saita ta. A kan ƙarfen wuya na 12, in an ƙirgo daga kan jitar, tazarar tsirkiya mafi kauri da ƙarfen kada ta wuce milimita 2.5 da yawa. In har yatsun ba su kai ba, to yayanku ya zo da GS Mini, ki kuma tarye ta da jiƙaƙƙen soso a ranar da ta sauka. Mai ninki goma ki bar ta sai hannunki ya fara neman abin da wannan ba ta iya ba shi.

Baba, na ga Martin ta hannu a Facebook, mai ita yana Abuja, kuɗin bai kai rabin na sabuwa ba. In tura kuɗi?
Ɗalibi, daga Farin Gada

Ɗana, kada ka tura ko sisi sai ka riƙe ta a hannu. Jabun Martin da Taylor suna yawo, kuma a hoto ba a gane su. Ka leƙa ta ramin da tocilan wayarka, wajen da wuya ya haɗu da ciki. Martin ta gaskiya tana da lamba a jikin katakon wurin, kamfanin kuma ya wallafa jerin lambobinsa shekara bayan shekara a intanet, sai ka gwada da shekarar da mai ita ya faɗa. Cikin ya kasance tas, ba gam yana tsiyaya ba. Sannan ka ɗora doguwar rula a kan ƙarafan wuya ka tura ta zuwa jaki. In bakinta ya sauka daidai saman jakin, lafiya. In ya daki ƙasa sosai, ga farin ƙashin da ke kan jakin an goge shi har ya kusa ɓacewa, wuyan ya riga ya sunkuyo, gyaransa sai an cire shi gaba ɗaya, kuma masu iya wannan aikin a ƙasar nan ba su da yawa. Kuɗin motar Abuja ya fi wannan sauƙi.

Baba, yarona shekararsa 8, ya dame ni da maganar jita.
Wata uwa, daga Bukuru

Hajiya ko Mama, ba ki faɗa ba, to Allah ya raya shi. Nan kam mai araha, amma mai suna. Ki nemi rabin girma ko kashi uku cikin huɗu, mai tsirkiyar roba, don ba ta cin yatsan yaro. Yamaha suna yin irinsu. In tsirkiya ta tsinke a mayar da ta roba. Kada wani mai shago ya sa masa ta ƙarfe, jikinta ba zai ɗauki jan ba, jakin zai ɓalle.